Fagola ko Rufin Kwano: Wanne Ya Dace da Madafar Tsakar Gida a Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Malali. Muna da fili a bayan gida, mita 4 da mita 3, ina so a yi mini madafa a wurin saboda kicin ɗin ciki ya yi mana kaɗan. Mu 11 ne a gidan. Tuwon dare da itace ake tuƙa shi, da rana kuma gas ko gawayi. Ɗana ya nuna mini hoton wata rumfar katako a waya, wai ita fagola, ya ce ita ake yayi kuma ba ta tara hayaƙi. Maigidan kuma ya ce a buga kwano kawai a huta. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a gidan da aikin.

Inda wuta take da inda mai girki ke tsayawa, a rufe shi da rufi na gaske wanda ruwa ba ya ratsawa. Fagola kuma, in ana sonta, a kai ta gefen yamma inda za a riƙa shimfiɗa tabarma. Wato Alhaji ya fi kusa da gaskiya. Sai dai wannan "a buga kwano kawai" ita ce ke haifar da madafar da mata ke ƙaurace wa, su kwashe duwatsun murhu su koma gindin mangwaro. Shi ma yaron, maganarsa ta hayaƙi tana kan hanya, kuma ita ce za ta nuna mana yadda za a yi rufin. Na haura shekara 20 ina aikin gini a garin nan, na ga yadda kowanne cikin biyun ke tsufa, shi ya sa zan tsawaita.

Fagola ginshiƙai ne da aka gitta wa katakai a sama, aka bar tazara tsakaninsu. Sunan daga Italiya ya fito, inda ake kafa ta don inabi ya hau ya ba da inuwa. A ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, lokacin zafinsu kusan babu ruwan sama, ruwansu a lokacin sanyi yake zuba, sa'ad da kowa ya shige ɗaki. Girkin waje a wurinsu shaƙatawa ce ta ranar hutu: a gasa nama, a ci, a tashi. Ke kuwa madafarki wurin aiki ce, safe da rana da dare, kwana 365. Hoton da aka nuna miki an ɗauke shi ne a ranar da babu hadari, babu hazo, kuma babu mai tuƙa tuwon mutum 11 a ƙarƙashinta.

Mu fara da ruwa, don shi ne ya yanke hukuncin. Daminar Kaduna takan kankama daga ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ta kai Oktoba, wajen wata shida ke nan, kuma ruwan da ke sauka a shekara yakan kai kimanin milimita 1,200. Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Filinki murabba'in mita 12 ne, saboda haka a shekara wajen lita 14,400 za su sauka a kansa, fiye da jarka 500 mai lita 25. Da fagola, duk wannan ruwan a kan murhu da tukwane da itace zai ƙare. Ki tuna markar Agusta, ranar da za a wuni ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa, itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, yara na jiran abinci. Ki kuma tuna abin da ɗigon ruwa ke yi in ya faɗa cikin tafasasshen mai. Babbar Sallar 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, cikin damina, ga kaskon suya a kan wuta, ga hadari ya haɗo. Na san gidajen da aka yi ta gudu da kaskon mai mai zafi zuwa baranda, kuma wannan gudun shi ne yake ƙona mutane.

Inuwar ma da ake yi wa fagola kirari da ita, a nan ba ta cika alkawari a lokacin da ake bukatarta. Kaduna tana kusa da digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar ka ko kusa da haka a yawancin shekara, kuma wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta takan tsaya daidai bisa kai. Ɗauki katako mai inci 2 da 6, a kafa shi a tsaye, a bar inci 6 tsakaninsa da na kusa da shi. In rana ta tsaya, kaurin inci 2 ɗin nan kaɗai ke tare ta a cikin kowane inci 8. Kashi ɗaya cikin huɗu inuwa, kashi uku rana tsagwaronta. Sai rana ta karkata, wajen la'asar, faɗin katakon zai rufe tazarar a samu cikakkiyar inuwa. To abincin rana kuwa tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 2 ake dafa shi. A bazarar Maris da Afrilu, mace ga wuta a gabanta ga rana a ƙeyarta, wannan ba adalci ba ne. Azumin 2024 da na 2025 a Maris aka fara su, kin san yadda aikin buɗa-baki ya kasance ko a inuwa.

Za a ce a dasa abin da zai hau ya rufe ta. A bisa wurin zama, na yarda. A bisa murhu, a'a. Ganye yana zuba a miya, tsuntsu yana sauka ya bar kashinsa, ƙadangare ya samu hanya. Mafi muni, da hunturu ya shigo ganyen zai bushe ƙayau, ya zama kara a rataye bisa wuta, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Haka zana da asabari da wasu ke shimfiɗawa a kai. Shi kansa katakon, wata shida yana shan ruwa, wata shida iskar hunturu tana tsotse shi, sai ya tsattsage ya murɗe, ruwa ya kwanta a tsagar, gara ta biyo.

Yanzu ga inda yaron ya yi gaskiya. Hayaƙi ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje yana da hannu a mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a kowace shekara, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye su suka fi shaƙarsa. Gawayi ya fi itace yaudara, don hayaƙinsa ba ya fitowa fili, amma yana fitar da iskar guba marar launi marar wari wadda ke sa ciwon kai da jiri, a rufaffen wuri ma ta kashe. An taɓa kira na wani gida a Kawo in duba madafar da wani kafinta ya yi. Rufin ƙafa 7 ne daga ƙasa, bango huɗu, taga ɗaya ƙarama, an kuma buga silin roba don a yi ado. Cikin wata takwas silin ɗin ya yi baƙi ya lotsa daidai saman murhu, uwargidan kuma idonta kullum jajur, tana tari. Ta ce mini ta ɗauka tsufa ne. Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗin da aka kashe wajen toshe wurin ya fi wanda za a kashe a buɗe shi. Muka cire silin, muka ɗaga rufin, muka fasa bango biyu zuwa ƙugu.

Saboda haka rufin da nake ba ki shawara rumfa ce mai hula, ba ɗaki ba. Ga yadda zan tsara shi da ni aka ba aikin.

Tsawo shi ne farko. Ɓangaren da ya fi ƙasa kada ya gaza ƙafa 9, wanda ya fi sama ya kai ƙafa 11 ko fiye. Gangara ɗaya, ba mai tozo ba. Hayaƙi mai zafi sama yake nema, in ya bugi kwanon sai ya bi gangarar ya hau zuwa ɓangaren da ya fi tudu, can kuma dole ya tarar da ƙofa a buɗe, ba katakon ado da ya toshe bakin ba. Magina da yawa sukan so su rage tsawon don a rage bulo da ƙarfe. Kada ki yarda. Ƙafa biyun nan da za a rage su ne bambancin madafar da ake zama a cikinta da wadda ake gudu.

Bango biyu kawai, gabas da arewa. Dalili kuwa, duk wanda ya zauna a Kaduna ya san hadari daga gabas yake tasowa da iskarsa da feshinsa, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Bango biyun nan sun tare miki duka biyun, abin da fagola ba za ta yi ba, kwano shi kaɗai ma ba zai yi ba. Kudu da yamma a bar su a buɗe, ko a yi ɗan gajeren bango iya ƙugu saboda awaki da yara masu rarrafe. A saman bangon gabas da na arewa a jera layi biyu na bulo mai huda, domin iskar damina ta yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa, za ta tura hayaƙin wajen bangon, ya kamata ya samu mafita. Bakin kwanon ya zarce ginshiƙai da aƙalla ƙafa 2 ta kowane gefe saboda feshi.

Tunda kullum ana hura itace, a yi wa murhun bututun hayaƙi. Ba sai an nemo daga waje ba. Masu aikin ƙarfe na kasuwar Panteka za su lanƙwasa miki hular ƙarfe mai faɗin da ya ɗan fi murhun, da bututu mai inci 6 ko 8 wanda zai ratsa rufin ya zarce shi da ƙafa 2 ko 3, da 'yar hula a kansa don ruwa. Inda bututun ya ratsa, kada katako ya taɓa shi, kuma a liƙe kewayen da faranti don kada ya yi yoyo. Duk bayan 'yan watanni a kakkaɓe shi, saboda baƙin kwaltar da hayaƙin itace ke tarawa a ciki tana iya kamawa da wuta. In an gina murhun da bulon ƙasa ko jan bulo, mai baki ɗaya na sa itace, zai ci itace ƙasa da na duwatsu uku, hayaƙin ma ya ragu tun daga tushe.

Silin roba kada ya kusanci wurin. Yana narkewa, in ya kama wuta kuma hayaƙinsa guba ne. Ni a madafar waje na fi son a bar rufin tsirara, ana ganin ƙarfen, don silin maɓoyar ɓera ce da maiƙo. In zafin kwano ake tsoro, tsawon da buɗaɗɗen gefe sun ɗauke mafi yawansa. A ƙara da zaɓen kwano mai launin fari ko mai haske, don baƙi da ruwan ƙasa mai duhu sun fi shan rana. Wanda ke da hali ya shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon, ban da daidai kewayen bututu.

Sai maganar iska, wadda ita ce raunin rufi na gaske. Fagola iska ratsa ta take yi ta wuce. Rufin kwano mai buɗaɗɗen gefe kuwa kamar faifai yake, in iska ta shiga ƙarƙashinsa ɗaga shi take yi. Kowace shekara iskar ruwan farko tana yaye rufin gidaje da makarantu a garin nan, kuma in ka je ka duba, sau da yawa ba kwanon ne ya yage ba, gaba ɗaya rufin ne ya tashi da katakonsa saboda ɗora shi aka yi a kan bango kamar hula, aka buga ƙusa biyu uku. Rufi ana ɗaure shi ne tun daga ƙasa. Ginshiƙan su zama bututun ƙarfe mai inci 3, mai kauri, a binne ƙafa 2 cikin kankare. Ƙarafan sama a yi musu walda da ginshiƙan. Ta wajen bango kuma a zuba linta, a bar rodi ya fito daga cikinta a ɗaure rufin da shi. Kwanon a kama shi da ƙusa mai zare da roba a wuyanta, a kan tudun kwanon ba cikin kwarinsa ba, a kuma yawaita ta a baki-baki da kusurwoyi, don nan iska ke fara cizo. Duk ƙarfen a shafe shi da jan fentin hana tsatsa kafin a rufa, musamman wuraren walda.

Wane kwano? Dogon falle na alminiyom mai kaurin milimita 0.55 ya wadatar, ba ya tsatsa, kuma tunda falle ɗaya ne daga sama har ƙasa babu haɗin da zai yi yoyo. Mai 0.45 ma yana yi in an matso da ƙarafan da ke ƙarƙashinsa. Ki sa a auna kaurin a gabanki, don abin da ake faɗa da baki ba kullum yake zama abin da aka kawo ba. Kwanon nan marar kauri mai araha, hayaƙi da raɓa sukan cinye shi da wuri. Mai yashi a jiki yana da kyau kuma ba ya ƙara in ana ruwa, amma yana son gangara mai tsayi da katako mai yawa, tsadarsa ta wuce bukatar madafa. In akwai tsohon fallen asbesto a gidan, kada a yanka shi ko a huda shi don a yi amfani da shi a nan, ƙurarsa tana illata huhu.

Akwai wata dabara da za a kawo miki, na tabbata: a yi fagolar, sannan a shimfiɗa mata roba mai haske a sama, wai an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na yi wa mutane ita a bisa wurin ajiye mota da baranda, amma ba na yin ta a bisa wuta. Zafin rana yana ratsa ta, zafin murhu yana lanƙwasa ta, hayaƙi yana mayar da ita baƙa daga ƙasa, ƙurar hunturu ta kwanta mata daga sama kowa yana gani. An biya kuɗin fagola, an biya kuɗin rufi, ba a samu kyan wannan ba, ba a samu ƙarkon wancan ba. Ita ma mai fallayen alminiyom da ke buɗewa da rufewa da na'ura, ki tambayi mai sayarwa wa zai gyara ta in ƙura ta cika haƙoranta, da kuma yadda za a rufe ta in hadari ya taso an ɗauke wuta.

To ina fagolar za ta zauna? A yamma da madafar, manne da ita. A can ne take da aikin yi. Rufin kwano ba ya tare ranar yamma mai shigowa a karkace, ita kuwa fagola a lokacin ne inuwarta ke cika, in an jera katakan daga kudu zuwa arewa. Sai ta zama garkuwar madafar daga la'asar zuwa magariba, ta kuma zama wurin gyaran kayan miya, tsinar shinkafa, shan iska da buɗa-baki. A nan a dasa abin da zai hau, ko inabi ko fulawa, nesa da tartsatsi. In da katako za a yi ta, a nemi mai tauri irin maɗaci ko ƙirya, kada a karɓi farin katako mai laushi na rufin ɗaki. Azarar giginya ma, wadda kakanninmu suka rufa soraye da ita saboda gara ba ta cika cin ta ba, tana yin fagola mai kyan gaske, kuma ta fi kama da gidanmu fiye da abin da ke cikin hoton. Ƙafar katakon kada ta taɓa ƙasa, a ɗora ta a kan takalmin ƙarfe bisa kankare, a shafa maganin gara, a riƙa sabunta fenti ko man katako duk shekara kafin damina. Baƙin man mota da wasu ke shafawa ban yarda da shi kusa da abinci ba.

Da a ce tambayar daga gidan da duk girkinsu a ciki ake yi ta fito, wajen kuma sai gashin kaza jefi-jefi da rani, da na ce su yi fagolarsu su more. Gidanki ba haka yake ba.

Sauran 'yan abubuwa. Tukunyar gas a yi mata keji a inuwa, a waje da bangon, nesa da murhun itace, mai huda ta ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Kada a sa ta a rami ko a rufaffen kabad. Wayar lantarki a bi da ita cikin bututu, nesa da hanyar hayaƙi, soket kuma a jikin bango inda feshi ba ya kaiwa. Daɓen ya ɗara tsakar gida da inci 6, a ɗan karkata shi waje, kuma kada a sa tayil mai santsi inda mai da ruwa ke zuba. A sa indararo a bakin rufin a kai shi tankin roba, ruwan nan da muka lissafa ya zama na wanke-wanke, a dai bar na farkon damina ya wanke kwanon ya zube. Kada a jingina rufin a kan katangar da kuka haɗa da maƙwabci. Yawancin katangu ba a yi musu tushen ɗaukar kaya ba, kuma ruwan rufinki in ya zuba gidan wani, zumuncin shekaru yana iya lalacewa a damina ɗaya. Tunda gini ne mai tushe da bango, Alhaji ya leƙa ofishin KASUPDA, hukumar da ke ba da izinin gini a jihar, kafin a haƙa rami.

In kuɗin bai kai a yi duka a lokaci ɗaya ba, a fara da ginshiƙai da rufi da bututun hayaƙi, sai bango da daɓe, fagola ta jira baɗi, ba abin da zai same ta. A yi aikin da rani a gama kafin Afrilu, kuma a karɓi farashin kayan a mako guda daga mai walda da kafinta, a rubuce, da kaurin kowane ƙarfe da kwano.

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, Hajiya, ki sa a hura wuta a daidai inda kike son murhun, a lokacin da kuka saba ɗora tuwo, kwana uku a jere. Ki tsaya ki ga inda hayaƙin ke nufa. In tagar ɗakin kwana yake shiga, ko ta maƙwabta, a matsar da murhun tun yana duwatsu uku, sannan a kira mai awo.